Fana'i Ba Ya Shafe Alhaki: Darasi Daga Kasuwar Mai'adua

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san ba ta mutanen ƙasar Daura kaɗai ba ce, domin fatake na ƙetaro iyakar Kwangwalam daga ƙasar Damagaram, a yi ciniki da naira da sefa bisa amana. A karar dabbobin kasuwar ne na shaida abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Wani matashin dillali ya sayar wa wani baƙo sa mai ciwo, ya ɓoye aibin. Da dattawa suka titsiye shi, sai ya buɗe baki ya ce, “Ni wa? Ai babu ni, babu shi. Mai aikatawa ɗaya ne.” Wani tsoho ya dube shi ya ce, “To ɗana, tunda babu kai, aljihun wa la'adar ta shiga?” Aka yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba, domin yaron bai ƙagi maganar ba. Tsintar ta ya yi a bakin waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, masu cewa komai Allah ne.

Ya kamata mu yi wa sufaye adalci. Abin da suke kira fana'i shi ne zuciyar bawa ta nutse cikin ambaton Ubangiji har ya manta da kansa, kamar yadda taurari ke ɓacewa idan rana ta fito. Taurarin suna nan, kuma ba su zama rana ba. Shi ya sa malaman tafarkin suka ce bayan fana'i sai baƙa'i, wato bawa ya dawo hayyacinsa da sunansa da sallarsa da haƙƙin mutane a wuyansa. A kan wannan natsuwa aka san Junaidu na Bagadaza, yayin da Hallaju, wanda ya furta abin da ya ji a halin shauƙi a bainar jama'a, aka kashe shi a birnin a shekarar 922. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo Baƙadire ne, amma sufancinsa bai hana shi kiran sarakuna su amsa laifin zaluncinsu ba. Da ya yarda cewa babu mai laifi, da ba a yi jihadin 1804 ba.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan musun malamai ne kawai. A watan Mayun 2015, sakamakon kalaman da aka zargi wani mai wa'azi da furtawa a wani taron maulidin Shehu Ibrahim Inyass, fusatattun matasa sun ƙona kotun shari'a ta Rijiyar Lemo a Kano, duk da cewa shugabannin Tijjaniyya sun nesanta kansu daga kalaman. Abin lura shi ne, mai ɓuya a bayan haƙiƙa da mai ɓuya a cikin taron tarzoma cuta ɗaya ke damunsu: kowannensu yana son ya aikata, a ce ba shi ba ne.

A fahimtata, tauhidi yana kashe girman kai ne, ba ya kashe alhaki. Idan Mahalicci ɗaya ne, to Badauri da Badamagare bayi ne a sahu ɗaya, kuma iyakar da Turawan Ingila da Faransa suka shata ba ta halatta wa wani dukiyar wani ba. Amma Alƙur'ani, a Suratu Maryam, ya sanar da mu cewa kowa zai je gaban Ubangijinsa shi kaɗai. Wanda za a kira da sunansa ranar hisabi, ta yaya zai ce babu shi?

Kirana ga muƙaddamai shi ne, kada a ɗora yaro kan maganar ma'arifa alhali bai gama Ahlari ba. Masu sukar ɗariƙu kuma su daina yi wa sufaye kuɗin goro saboda ɓarnar 'yan tsiraru. Mu 'yan boko ma da namu, domin “umarni ne daga sama” da muke fakewa da shi a ofis ƙanen maganar dillalin nan ne.

A ƙarshe dai dattawa sun sa ya karɓi sansa, ya mayar da kuɗin mutane har da la'ada. Allah Ya sa mu san Shi, mu kuma san kanmu.