Ruwan Sigarin Lantarki: Mai Shago Ya Faɗa Mana Daga Ina Ya Fito

Yau ina so mu tattauna kan sigarin lantarki, wannan da yaranmu ke zuƙa a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, mai ƙamshin mangwaro ko na'a-na'a. Wasu daga cikin 'yan kasuwarmu ma sun sa shi cikin hajarsu. Ra'ayina shi ne, wanda bai iya faɗin inda ruwan cikinsa ya fito ba, bai kamata ya sayar da shi ba.

Galibi abubuwa huɗu ake haɗawa a yi wannan ruwa: furofilin gilaikol, gilisarin, nikotin, da sinadarin ƙamshi. Na farkon nan ya isa ya sa duk ɗan Nijeriya ya yi hattara. Ku tuna maganin haƙoran yara na My Pikin da aka haɗa a Legas. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu, saboda an sayi sinadari da sunan furofilin gilaikol a hannun dillali mara lasisi, ashe akwai dayetilin gilaikol a ciki, guba mai lalata ƙoda. A 2009 ɗin kuma hukumar FDA ta Amurka ta sami wannan guba a cikin ɗaya daga samfuran sigarin lantarki da ta gwada.

A Amurka ne kuma, a 2019, wata cutar huhu ta ɓarke tsakanin masu zuƙa. Zuwa Fabrairun 2020 mutum 68 sun mutu, sama da 2,800 sun kwanta asibiti. Bincike ya danganta ta da bitamin E asitet da ake zuba wa ruwa mai sinadarin wiwi don ya yi kauri, kuma yawanci a hannun dillalan bayan fage aka saye shi.

Tarayyar Turai ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kuma dole a rubuta abin da ke ciki a jikin kwali. Wannan bai mai da shi lafiyayye ba, nikotin dai yana kama mutum. Amma aƙalla akwai wanda za a tuhuma in an samu matsala.

Wani zai ce ai ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ɗakin gwaji. Gaskiya ne, amma yana da baki. Ya tambayi wanda ya saro wa sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin kaya, ranar lalacewa, da yawan nikotin. In babu amsa, ya bar kayan. Mun san goro daga ina yake, mun san shanu daga wace kasuwa aka loda su, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Addini ma ya hana ɓoye aibin haja.

Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su sa ido, musamman kan sayar wa yara. Allah ya tsare mana zuri'a.