Sharhi: Ƙididdiga Ko Lissafin Hada-hadar Kuɗi, Wanne Ya Fi Tsare Wa Ɗalibi Aiki?

Ɗan kasuwar da ɗansa ya gama digiri na farko a fannin lissafi yakan tarar da hanyoyi biyu a gabansa in aka zo maganar digiri na biyu: ko yaron ya karanci ƙididdiga, ko kuma lissafin hada-hadar kuɗi. Tun da darajar Naira ta faɗi a shekarar 2023, kuɗin karatu a ƙasashen waje ya ninka, don haka kuskure a wannan zaɓi asarar jari ce.

Lissafin hada-hadar kuɗi ilmi ne na yanke farashin yarjejeniyoyin ciniki na gaba da auna haɗarin da ke cikinsu. Ya samo tushe daga dabarar da Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa a 1973, kuma Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta buɗe kwas na musamman a kansa a 1994. Ko shakka babu, albashin masu wannan ilmi yana da tsoka. To amma ayyukan sun taru ne a birane ƙalilan, irin su Niyok da Landan da Hong Kong, kuma suna bin lafiyar kasuwa. Kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management, wanda Scholes da Robert Merton ke cikin shugabanninsa, ya durƙushe a 1998, shekara guda bayan an ba su lambar Nobel. Da bankin Lehman Brothers ya rushe a 2008, dubban ma'aikata suka wayi gari babu aiki.

A nan gida kuwa, sai a 2022 Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya ta fara cinikin irin waɗannan yarjejeniyoyi a dandalinta. Wanda ya dawo da wannan digiri zai sami gurbi a sashen kula da haɗari na wasu bankuna ko kamfanonin fansho, amma kujerun ba su da yawa, kuma galibinsu suna Legas.

Ƙididdiga ba ta da wannan ƙyalli, sai dai ƙofofinta sun fi yawa. Babban Banki yana buƙatar mai ita, haka kamfanonin inshora da na wayar salula da na magunguna, da masu binciken aikin gona da na lafiya. Alal misali, aikin ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne ya sa a 2014 aka sake auna tattalin arzikin Nijeriya, aka maye ma'aunin 1990 da na 2010, adadin ya kusa ninkawa. Bugu da ƙari, ana iya yin wannan digiri a Ibadan ko Zariya da kuɗin Naira.

A ganinmu, mai ƙididdiga da ya iya sarrafa kwamfuta zai iya shiga banki daga baya ya koyi harkar kasuwa a bakin aiki. Wanda ya taƙaita ga farashin yarjejeniyoyi kuwa yakan sha wuya kafin ya sauya fage. Saboda haka, in yaro ya sami gurbi a makarantar da manyan bankuna ke zuwa ɗaukar ma'aikata, kuma yana da niyyar zama a can, lissafin hada-hadar kuɗi ya cancanci kuɗinsa. In kuwa gida zai dawo, ƙididdiga ta fi. Kafin a biya ko sisi, uba ya nemi makarantar ta nuna masa inda ɗalibanta na shekaru uku da suka wuce suke aiki, musamman baƙi daga cikinsu.