RA'AYINMU: Magidanci Da Iyalinsa A Ƙetaren Iyaka

 Ya ku 'yan uwa, akwai wata tambaya da ke ta zuwar wa malamanmu a wuraren karatu a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun: shin magidanci ya kwashe iyalinsa ya ƙetara Nijar, ko kuwa ya zauna ya jira abin da Allah zai yi?

Ba mu ga laifin mai wannan tambaya ba. A shekarar 2021 kaɗai, an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin watan Fabrairu, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura cikin Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun ranar 1 ga Satumba. Tun daga 2019 kuwa dubun-dubatar mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwarara jihar Maradi, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Matsayinmu shi ne ƙaura don tsira da rai da mutunci halal ce, kuma ba ragwantaka ba ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurci sahabbansa su tafi Habasha a shekara ta biyar da aiko shi. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tafi tare da matarsa Asma'u 'yar Umais, a can suka haifi Abdullahi, ba su iso Madina ba sai a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin Haibara. Wato zaman da aka ɗauka na ɗan lokaci ne ya haura shekara goma. Wannan shi ne abin da mafi yawan masu ƙaura ke mantawa da shi: suna shirin tafiya, ba sa shirin zama.

Mutanen wannan yanki sun riga sun ɗanɗani tashi. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970, ruwa ya cinye gidaje da gonaki, aka tashi dubban manoma, rigimar diyya ta kai ga zubar da jini a watan Afrilun 1980. Darasin da dattawanmu suka ɗauka a nan shi ne wanda ba ya da shaida a rubuce, alƙawarin baka ba ya fisshe shi ranar rabo. Mu duba kuma Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a har gaɓar Kogin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Amma a 2022, fiye da shekara ɗari bayan haka, rikici kan ƙasa da sarauta ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu masu yawa a jihar Bulu Nayil. Ashe daɗewa kawai ba ta mayar da baƙo ɗan gari.

Saboda haka muna yi wa duk magidancin da ya yanke shawarar tafiya nasiha da abubuwa huɗu.

Na farko, ya tafi da iyalinsa, ko ya bar su hannun wanda ya amince da shi tare da abin da zai riƙe su. Ciyarwa da tufatarwa ba sa faɗuwa daga wuyan miji don ya ƙetare iyaka. Matar da aka bari shekara biyu, ba aike ba saki, an zalunce ta, ko da mijin ya kira tafiyar tasa hijira.

Na biyu, ya yi rajista da hukumomin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, kuma ya karɓar wa duk jaririn da aka haifa masa a can takardar haihuwa. Kada zumunci da harshe ɗaya su ruɗe mu. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Yaron da ba shi da takarda a nan, ba shi da ita a can, gobe kowace ƙasa na iya cewa ba nata ba ne.

Na uku, kada karatun yara ya tsaya. Gaskiya ne Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma Faransanci na nan a makarantun boko, kuma yaron da ya soma da Turancin Ingilishi zai sha wuya a farko. A haƙura a sa shi, mace da namiji, a haɗa masa da Islamiyya. Jiran komawa gida kafin a sa yaro makaranta shi ne hanyar tashin samari marasa karatu marasa sana'a, irin waɗanda ɓarayin daji ke nema.

Na huɗu, ya kiyaye dokar masu masaukinsa, ya rubuta yarjejeniyar aron gona gaban mai gari da shaidu, kuma kada ya yi gaggawar sayar da gonarsa ta gida da arha. Mutanen Maradi sun raba hatsinsu da rijiyoyinsu da baƙi alhali su ma ba wadata gare su ba. Sakayyar wannan ita ce amana.

Mu da muka rage a gida ma akwai nauyi a kanmu. Gonar wanda ya tafi amana ce, ba ganima ba. Muna kira ga rassanmu su rubuta sunayen gidajen da suka tashi, su sa marayu da zawarawansu cikin rabon zakka, su riƙa aika masu ziyara. Ga mahukunta kuwa, kowane gida da ya ƙetare iyaka shaida ne a kanku, kuma za a tambaye ku.

Allah Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya saka wa masu masauki da alheri. Wassalamu alaikum.