Yagewar Jijiyoyin Kafaɗa: Jinkiri Ne Ke Hana Ɗinki

Sanin kowa ne cewa manomi a ƙauyukan Kankiya da Kusada, irin su Bauranya, da kafaɗarsa yake ci. Da ita yake ɗaga fartanya, ya ɗora dami a ka, ya ja guga daga rijiya. Amma idan dattijo ya faɗo daga kan babur ko amalanke, ya wayi gari hannunsa ya ƙi ɗaguwa, abin da aka saba shi ne a kira maɗori ya ja, ya shafa, ya ɗaure. In ciwon ya ƙi tafiya, sai a ce sanyin ƙashi ne ko tsufa. Sau da yawa kuwa ƙashin lafiyarsa lau, jijiya ce ta yage.

Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, tamkar an aza ƙwallo a kan faifai. Abin da ke riƙe shi tsokoki ne guda 4 da suka taso daga allon, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin. Jijiya a nan, wato igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, ba ta jini ba. Likitoci kan kira yagewa mai tsanani idan ta wuce santimita 5, ko ta shafi jijiyoyi 2 ko fiye.

To, jijiyar da ta rabu da ƙashi ba ta komawa da kanta. Tsoka tana janye ta baya kamar robar da ta tsinke, ita kuma tsokar da ta daina aiki sai ta motse, kitse ya riƙa maye gurbinta. A shekarar 1994 Goutallier da abokan aikinsa a Faransa suka tsara ma'aunin wannan kitse, kuma an gano cewa idan ya yi yawa, ko an ɗinke jijiyar tsokar ba ta dawowa yadda take. Ashe ke nan watannin da ake ɓatawa wajen shafe-shafe da ɗaure-ɗaure su ne ke mai da ciwon da ke ɗinkuwa ya zama wanda ba ya ɗinkuwa.

Tun a 1911 Ernest Codman na Boston ta Amurka ya ba da rahoton ɗinke wannan jijiya. A yau ana iya yin aikin ta ƙananan huda, a kafa ƴan ƙusoshi masu zare a ƙashi, a jawo jijiyar a ɗaure. Idan ta ƙi jawuwa, sai a ciro jijiyar wata faffaɗar tsoka ta baya a dasa, dabarar da Christian Gerber ya bayyana a 1988, ko a sa gaɓar ƙarfe wadda Paul Grammont ya ƙirƙiro a Faransa a 1985, inda aka juya ƙwallo ya koma gefen allo. Wannan gaɓa tana kashe ciwo, tana ɗaga hannu, sai dai daga waje ake sayo ta da tsada, kuma ba a yi ta don huɗa ko faskare ba.

Ba kowace yagewa ke buƙatar wuƙa ba. Dattawa da dama jijiyarsu ta lalace a hankali ba tare da wani ciwo ba, wasu kuma gashin ƙashi da motsa gaɓa sun wadatar da su. Hasali ma babban ɗinki yakan sake warwarewa, musamman ga tsofaffi da masu shan taba da masu ciwon sukari. Wanda bai kamata ya jira ba shi ne wanda jiya yake noma, yau ya faɗi ko kafaɗarsa ta goce, aka mayar, amma bayan mako 2 ya kasa ɗaga hannu ta gefe. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka a ce "ba karaya" bai isa sallama ba. Na'urar da ake duba masu juna biyu da ita tana iya nuna yagewar a hannun wanda ya koya.

Saboda haka ya dace ma'aikatan Babban Asibitin Kankiya da ƙananan asibitocin Kusada su riƙa gwada ɗaga hannu ga duk wanda ya faɗi, su tura wanda ya kasa ga likitan ƙashi a Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Maɗora ma a jawo su a jiki, domin su ne ke fara ganin mai ciwo.

Sai kuma a faɗa wa manomi gaskiyar lissafi: hannu zai yi kamar mako 6 a rataye, kuma sai an yi wajen wata 6 kafin a koma aikin ƙarfi. Wanda ciwonsa daɗaɗɗe ne, a yi masa aiki bayan kaka, a watan Nuwamba ko Disamba, ya riski shukar Yuni. Wanda ya faɗi a tsakiyar damina kuwa, gara ƴaƴa da gayya su ƙarasa masa noman bana.