Waiwaye: Yinin da Ya Yi wa 'Yan Kallo Tsawo

Ranar Talata, 22 ga Nuwamban 2022, Ostareliya da Ingila suka kara a wasan kurket na yini guda a babban filin birnin Melbourne, filin da ke cin mutum kusan 100,000. Da aka ƙirga waɗanda suka shiga, sai aka samu 10,406. Kuma wasan bai yi lami ba, domin Travis Head da David Warner kowannensu ya haura maki 100 a ranar. Kwana 9 kafin nan, a wannan filin dai, mutum sama da 80,000 suka kalli Ingila ta doke Pakistan a wasan ƙarshe na gasar duniya ta gajeren kurket da ake kira T20. Wata guda kafin wasan na Talata kuwa, karawar Indiya da Pakistan ta tara sama da 90,000.

Wannan adadi ya tsaya mini a rai ne saboda a filin nan aka binne cibiyar wasan yini guda. A ƙarshen Disambar 1970 da farkon Janairun 1971 ruwan sama ya hana a fara wasan kwana biyar tsakanin ƙasashen nan biyu har kwana uku. Don kada a tashi a tutar babu, sai hukumomi suka shirya wasan da za a fara a gama a yini ɗaya, ranar 5 ga Janairu. Ba su sa ran jama'a ba, amma kimanin mutum 46,000 suka zo. Abin da aka yi don toshe ɓaraka shi ya zama abin da ya ciyar da kurket shekara talatin.

Ni a bakin wani malaminmu na kimiyya, ɗan Indiya, na fara jin sunan wasan. A wancan zamani makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, amma ranar Litinin da ta biyo bayan 25 ga Yunin 1983 ya shigo aji fuskarsa kamar gonar auduga. Ya ajiye darasin ranar, ya zana fili a allo, ya yi mana bayani: mai jifa yana jefa ƙwallo sau shida, wannan shi ne zubi ɗaya, mai bugu yana kare turaku uku da ke bayansa, yana kuma neman maki. Ya ce a wasan ƙarshe na gasar duniya ƙasarsa ta samu maki 183 kacal a filin Lord's na Landan, kowa ya fid da rai, amma Kapil Dev da yaransa suka tsayar da West Indies, zakarun duniya sau biyu, a kan 140. A 'yar rediyonsa ya saurara tun daga farko har ƙarshe. Rabin abin da ya faɗa ya wuce mu a ranar. Abin da na riƙe shi ne, akwai wasan da ke da tsawon da wanda aka kayar da safe zai iya tashi kafin magariba.

A ganina nan ne daɗin wasan yini guda yake. Zubi 50 ga kowane ɓangare ya isa a yi tsari, tsarin ya rushe, a sake wani. Attajirin talabijin Kerry Packer ya ƙara masa armashi a ƙarshen shekarun 1970 da riguna masu launi, da farar ƙwallo, da wasan dare a ƙarƙashin fitilu. Daga nan sai abin tunawa ya yi ta biyo abin tunawa. Javed Miandad ya bugo ƙwallon ƙarshe ta tsallake iyakar fili a Sharjah a 1986, Pakistan ta doke Indiya. Imran Khan ya ɗaga wa Pakistan kofin duniya a Melbourne a 1992. Sri Lanka ta ba manya mamaki a 1996. Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003, abin da ya sa mu 'yan Afirka muka ji akwai rabonmu a ciki. A Johannesburg a 2006 Ostareliya ta tara maki 434, wanda ba a taɓa gani ba, Afirka ta Kudu ta biyo ta a ranar ta yi 438.

Bayanin da aka fi yi game da komawar wasan yini guda baya shi ne wai mutanen yanzu ba su da haƙuri. Akwai gaskiya a ciki. Wasan yini guda yana cin kusan awa takwas, T20 kuwa awa uku da 'yan kai, ma'aikaci zai tashi daga aiki ya ɗauki 'ya'yansa su je su dawo. Ingila ta ƙirƙiro T20 a 2003, Indiya ta ci gasarsa ta duniya ta farko a 2007, gasar IPL ta Indiya ta kunno kai a 2008, kuɗi suka bi ta kamar ruwa ya samu gangare. Haƙƙin nuna IPL na shekara biyar daga 2023 ya haura dala biliyan 6. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: yadda wasan yini guda ya janye jama'a daga na kwana biyar, haka T20 ya janye su daga gare shi.

Amma ban yarda a ɗora wa 'yan kallo laifin duka ba. Mutanen da aka ce ba sa iya zaman awa takwas su ne ke cika filaye a Ingila da Ostareliya don wasan kwana biyar na gasar Ashes. Masu riƙon wasan yini guda ne suka mai da shi saniyar tatsa tun kafin T20 ya yi ƙarfi. Kowane wasa yana ba gidan talabijin zubi 100, a tsakanin kowane zubi akwai talla, don haka sai aka yi ta ƙaro wasanni. Ƙasashe biyu su yi karawa bakwai a jere, a gama babu wanda zai tuna wa ya ci ta huɗu. Bayan gasar Ashes ta 2009 haka Ingila da Ostareliya suka yi. Inda wasa ya yi yawa kuma babu abin da ya rataya a kansa, 'yan caca ke samun ƙofa. Tonon asirin Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, a 2000 ya sa mutane da yawa suka fara kallon irin waɗannan wasanni da shakka.

Gasar duniya ta 2007 a tsibiran Karebiyan ta fi komai ɓata mini rai. Yankin da aka san shi da kiɗa da rawa a bakin fili, sai aka tsawwala kuɗin tikiti, aka gindaya sharuɗɗa a kan shiga da kayan kiɗa. Masu gida suka zauna a gida, baƙi ba su cike gurbin ba, aka yi mako bakwai ana wasa a gaban kujeru. Wanda ya hana makaɗa zuwa biki bai kamata ya yi mamakin ganin dandali fayau ba.

Sai kuma taɓa dokoki da aka yi ta yi. Daga 2011 aka koma amfani da sababbin ƙwallaye biyu, ɗaya daga kowane gefe. Ƙwallo ta daina tsufa, don haka fasahar nan ta lanƙwasa tsohuwar ƙwallo a iska, wadda Wasim Akram da Waqar Younis suka yi suna da ita, ta kusa ɓacewa. Mai jifa ya zama ɗan rakiya. Ingila ta tara maki 481 a kan Ostareliya a 2018, ta tara 498 a kan Holan a 2022. Adadi ne mai girma, amma kokawar da ɗaya ke ɗaure da igiya ba ta tara jama'a sau biyu. Sai a 2025 hukumar kurket ta duniya ta gyara, ta ce bayan zubi na 34 a ci gaba da ƙwallo ɗaya. A Ostareliya kuma tun 2018 wasannin yini guda na gida suka koma tashar da sai an biya, yaron da gidansu ba su da hali ya tashi bai san su ba.

'Yan wasan su ma sun nuna inda suka dosa. Ben Stokes, gwarzon wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2019, ya ajiye wasan yini guda a Yulin 2022, ya ce jikinsa ba zai ɗauki nau'i uku ba, ko da yake ya dawo don gasar duniya ta 2023. Afirka ta Kudu ta janye daga karawar da aka tsara da Ostareliya a Janairun 2023 don 'yan wasanta su buga sabuwar gasar T20 ta gida, duk da cewa hakan ya jefa cancantarta ta zuwa gasar duniya cikin haɗari. A wannan Janairun ne kuma Indiya ta doke Sri Lanka da ratar maki 317 a jihar Kerala, Virat Kohli ya yi 166, amma kujeru da yawa ba kowa. Idan a Indiya aka ga haka, to magana ta kai inda ta kai.

Duk da haka, gasar duniya ta 2023 a Indiya ta tara 'yan kallo kimanin miliyan 1.25, adadin da ba a taɓa samu ba, duk da cewa wasan buɗe ta a Ahmedabad an fara shi a fili kusan wayam. Afghanistan ta doke Ingila da Pakistan da Sri Lanka, Holan ta doke Afirka ta Kudu, mutane suka kwana suna magana. Tsawon yinin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne kowane wasa yana da abin da za a samu ko a rasa. Wannan shi ne abin da masu tsara jadawali suka daɗe suna kau da kai daga gare shi: ɗan kallo yana sayar da yininsa ne, kuma yana son ya san me zai karɓa. An taɓa gwada maganin, aka kafa gasar tara maki ta ƙasashe 13 daga 2020, wadda ta ba kowace karawa nauyi, ta kuma ba Holan damar karawa da manya. Zagaye ɗaya aka yi aka soke ta.

A 2023 kwamitin masana na kulob ɗin MCC, masu riƙe da dokokin kurket, ya ba da shawarar a rage wasannin yini guda tsakanin ƙasashe bayan 2027, sai dai a shekarar da ke gaban gasar duniya. Ina tare da su a kan ragewa. Tsorona shi ne a rage wa ƙanana a bar wa manya, kamar yadda aka taƙaita gasar duniya ga ƙasashe 10 a 2019 da 2023. Matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun kai gasar duniya ta zubi 50 a 2020, kuma irinsu ne suka fi buƙatar wasan da zai koya musu juriya. Gasar 2027 za a yi ta a Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Namibiya, da ƙasashe 14. Zan zuba ido in ga nawa za a sa kuɗin tikiti a Harare da Bulawayo, da kuma ko za a bar mutane su shiga da gangunansu.