Kafin a sayo kyamarar tiyata, wa zai auna yatsan majiyyaci?

A 'yan shekarun nan tiyatar rage ƙiba ta shiga bakin ma'aikatan Abuja. Ana jin wane ya tafi Turkiyya, wance ta je Indiya ko Masar, wasu kuma sun yi a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Wadda aka fi yi ita ce yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi, ta 'yan ƙananan ƙofofi da ake hudawa a ciki, ana kallo ta kyamara. Kowa kan tambayi sunan likitan fiɗa da kuɗin aiki. Da wuya ka ji mai tambayar likitan da zai sa barci, alhali numfashi a hannunsa yake.

Kafin kyamara ta ga komai, sai an hura cikin da iskar kabon dayokzayid ya ɗago. Idan tsokokin ciki suka ɗaure, wuri ya matse, ga kitse ya cika ko'ina. Don haka bayan maganin barci ake ƙara wata allura, irin su rocuronium ko atracurium, wadda ke sakar da tsoka gaba ɗaya, har da wadda mutum ke numfashi da ita. Na'ura ce ke yi masa numfashi har a gama. Tun 1942 aka fara wannan dabara a Montreal ta ƙasar Kanada.

Muhawarar masana ita ce yaya zurfin sakin zai kai. Ana aunawa da wata 'yar na'ura da ke aika lantarki sau huɗu a jere ga jijiyar wuyan hannu, a ga motsin babban yatsa. Ya motsa sau ɗaya ko biyu, saki matsakaici ne. Ya ƙi motsi sam, an yi zurfi. Wani bincike a Holan a 2016 ya nuna zurfafawa na sauƙaƙa wa likitan fiɗa aiki a tiyatar ƙiba. Wani a Beljiyam a 2017 bai ga bambancin a zo a gani ba.

A ganina, a ƙasa irin tamu dawowar majiyyaci ta fi wannan gardama muhimmanci. Neostigmine, tsohon maganin warware sakin, mai araha, ba ya iya fito da wanda aka zurfafa. Sai tsokar ta fara farfaɗowa da kanta. Mai wannan ƙarfin shi ne sugammadex, wanda Turai ta amince da shi a 2008, Amurka a 2015. Yana da tsada, bisa nauyin jiki ake ba da shi, kuma ba ya aiki a kan atracurium. Mai ƙiba kuwa, wanda sau da yawa numfashinsa kan yanke cikin barci ko a gida, idan aka zare masa bututu da sauran magani a jiki, maƙogwaronsa na iya rufewa bayan kowa ya ɗauka an gama. Shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2023 cewa kada a zare bututu sai na'ura ta nuna motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na motsin farko. Ido ba ya iya wannan awo, kuma ɗaga kai ko damƙe hannu ba hujja ba ce.

Wani zai ce ina ruwan talaka da tiyatar masu hali? To, mu ɗauki Kontagora. Babban asibitin garin shi ne madogarar jama'a daga Mariga, Magama, Rijau da Mashegu, kuma duk wanda aikinsa ya fi ƙarfin wurin, doguwar tafiya ce zuwa Minna ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Wanda ya yi haɗarin mota, da wanda harsashin 'yan bindiga ya samu a ciki, da mai hanjin da taifot ya huda, duk irin waɗannan allurai ake yi musu. Haɗarin da ke jiran babban darakta a Istanbul shi ne ke jiran manomi a nan, sai dai shi manomi ba a tanadar masa ɗakin kulawa ta musamman. Ga ƙarancin ma'aikata: ƙungiyar likitocin barci ta duniya na neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, Nijeriya ba ta kai ɗaya ba. A garuruwa da dama ma'aikatan jinya da suka koyi aikin ne ke riƙe da shi, kuma su suka fi buƙatar na'urar da za ta tabbatar musu da abin da ido ke zato.

A nan maganar ta iso teburinku, ku da ke rubuta takardun sayen kaya a ma'aikatu da hadiman 'yan majalisa masu tsara ayyukan mazaɓu. Na'urar tiyata mai kyamara tana yin kyau a hoton ranar buɗewa. Na'urar auna yatsa kuwa ba ta wuce tafin hannu ba, kuɗinta bai kama ƙafar na waccan ba, kuma ba wanda zai yanka mata kyalle. Duk takardar da ta nemi kyamarar tiyata ba tare da wannan na'ura, da maganin warwarewa, da kuɗin horar da mai sa barci ba, a mayar da ita a gyaro.

Wanda kuma ke shirin tafiya rage tumbi, ya nemi ganin likitan barcin kafin ya biya kuɗi. Ya tambaye shi ko da na'ura yake auna sakin tsoka, da wane magani zai warware, kuma wa zai kwana yana lura da numfashinsa a daren farko.