Dukiyar Falke A Bakin Tafinta

Falken da ke sarin kaya a Kwatano alhali bai ji Faransanci ba, dukiyarsa a bakin tafinta take. In tafinta ya ɗora nasa a tsakani, wa zai gane?

Waɗansu kan ce girma ya zo, makaranta ta wuce su. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya haddace izu 60 a kan allo. Zaidu ɗan Sabitu, da Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umurce shi, cikin kamar rabin wata ya iya rubutun Yahudawa, har shi ke karanta wasiƙunsu. To, balle kalmomin ciniki?

Mutum ya fara da ƙidaya da sunayen haja. Ya rubuta biyar da ajami bayan asuba, da hantsi ya gwada su a kasuwa, ko da za a yi masa dariya.